Sisin Gwal Rumbu Ne, Ba Gona Ba

A watan Satumba na shekarar 2024 Babban Bankin Gana ya ƙaddamar da sulallan zinariya na ƙasa, kuma kafin shekarar ta ƙare aka fara sayar da su ta hannun bankunan kasuwanci. Iri uku ne: mai nauyin oza ɗaya, wato giram 31.1, da mai rabin oza, da mai rubu'in oza, dukkansu na tatacciyar zinariya mai tsarkin kashi 99.99 cikin ɗari. Fuska ɗaya tana ɗauke da tambarin ƙasa, ɗayar kuma da hoton Ƙofar Ƴanci ta birnin Akra. Da sidi ake saye, farashin kuwa yana bin na kasuwar Landan tare da canjin dala. Bankin bai ɓoye manufarsa ba: yana so ya janye rarar kuɗin da ke yawo a hannun jama'a, ya kuma samar wa masu tanadi wata ma'ajiya da ba dalar Amurka ba.

Shekara guda bayan haka, a watan Oktoba na 2025, farashin oza ɗaya a kasuwar duniya ya haye dala 4,000 a karon farko. Zancen gwal ya cika majalisunmu, daga Zangon Kumasi da Nima har kasuwannin Maraɗi da Damagaram. Mai shago yana tunanin rage kaya ya sayi sisin gwal, mai adashe tana lissafin inda kwasarta za ta kai, wani ma har gonar gado yake yi wa kallon kuɗin zinariya. Matsayinmu a kan wannan batu shi ne: sisin gwal kyakkyawar ma'ajiya ce, ya fi sarƙa da awarwaro dacewa da mai tanadi, amma rumbu ne. Abin da aka zuba a rumbu shi ake ɗiba, ba ya tsiro a ciki. Wanda ya ɗauke shi gona, ya sayar da gonar gaske don ya gina shi, zai kwana da yunwa a gindin rumbunsa.

Ba mu ga laifin wanda ya yanke ƙauna daga kuɗin takarda ba, domin tarihinmu cike yake da kuɗin da suka narke a hannun masu su. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Kafin ƙarnin ya ƙare, jiragen Turawa sun yi ta jibge wurin gabashin Afirka a gaɓar tekunmu har darajarsa ta zube, daga baya mulkin mallaka ya zo ya kore shi daga kasuwa. Attajirin da ya tara buhunan wuri ya wayi gari da abin da sai dai a yi wa ƙwarya ado da shi. Shi kansa sunan sidi daga kalmar wuri ta harshen Akan aka samo shi, kuma ya gaji halin kakansa: a 2007 sai da aka share masa sifiri huɗu, sidi 10,000 ya koma ɗaya, a watan Disamba na 2022 kuma hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54 cikin ɗari. A wannan watan ne gwamnati ta sanar da sauya sharuɗɗan bashin da ta ci a cikin gida, har tsofaffin ma'aikatan da suka zuba kuɗin sallamarsu a takardun lamuni suka riƙa zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi.

Mutanenmu na Nijar da Cadi da Kamaru ba su manta da 12 ga Janairu, 1994 ba, ranar da aka karya darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya. Ɗan kasuwar da ya kwanta da jikka dubu ya tashi da jikka dubun, amma kayan da za ta sayo masa daga waje sun koma rabi. Ƴan'uwanmu na Sudan kuwa sun ga abin da ya fi haka muni tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023: bankuna a Hartum sun rufe, wasu an wawushe su, fam ɗin Sudan ya zube, kuma iyalai da yawa da gwal ɗin matansu suka biya kuɗin motar da ta fitar da su zuwa Masar ko Cadi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Al'ummar da ta sha irin wannan sara tana da hujjar neman abin da gwamnati ba ta iya bugawa da injin.

Iyayenmu mata sun riga masana tattalin arziki gane wannan. Abin da ya sa suke sayen ƴan kunne da sarƙa da awarwaro da kuɗin adashe ko na sana'ar cikin gida ya wuce kwalliyar biki. Dukiya ce da mace ke riƙe da ita a ɗakinta, ba ta neman sa hannun kowa kafin ta taɓa, kuma ranar da rashin lafiya ko kuɗin makaranta ya taso, ita ake kaiwa kasuwa. Sai dai duk wadda ta taɓa sayar da sarƙa ta san ciwon da ke ciki. Ranar saye ta biya kuɗin gwal, ta biya kuɗin ƙira, wani lokaci har nauyin duwatsun ado aka lissafa mata a farashin zinariya. Ranar sayarwa sai a cire duwatsun, a manta da ƙira, a goga a dutsen gwaji, a yi ta musu a kan ko karat 21 ne ko 18. Bambancin ba ƙarami ba ne: karat 24 shi ne tsantsa, 22 yana da kashi 91.6 na zinariya, 21 yana da 87.5, 18 kuma 75 kacal. Mai saye ya san wannan lissafi kamar yunwar cikinsa, mai sayarwa kuwa galibi tana cikin matsi, ba ta da ƙarfin jayayya.

A nan ne sisin gwal ya yi zarra. Nauyinsa sananne ne, tsarkinsa sananne ne, farashin ranar kuma kowa na iya dubawa a wayarsa. Ba sabuwar dabara ba ce. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinarin Musulunci a shekara ta 77 bayan Hijira da nauyin miskali ɗaya, kimanin giram 4.25, kuma da wannan ma'auni malamanmu ke lissafin nisabi da mafi ƙarancin sadaki har yau. A zamaninmu, Afirka ta Kudu ce ta buɗe wannan kasuwa da Krugerrand a 1967, sulai mai ɗauke da cikakkiyar oza ɗaya ta zinariya, an gauraya shi da ɗan jan ƙarfe don ya jure shiga hannu. Zimbabuwe ta fitar da nata a watan Yuli na 2022 lokacin da kuɗinta ke narkewa. Sisin gwal ɗin da muka saba gani a sadakin ƴaƴan masu hali, mai hoton mahayin doki, asalinsa fam ɗin zinariya ne na Ingila, nauyinsa giram 7.98, karat 22. Wanda ya ajiye irin waɗannan ya rage wa kansa asarar kuɗin ƙira da doguwar jayayya a bakin shago. Idan tanadi ake nufi, wannan ya fi. Idan ado ake so, a sayi sarƙa a san cewa ado aka saya.

Amma fa a tsaya nan a yi nazari. Tunkiya tana haihuwa, gona tana ba da amfani, shago yana juya kaya, gidan haya yana kawo kuɗi duk wata. Sisin gwal da aka kulle a akwati shekara ashirin, in aka buɗe, shi ɗin ne dai guda ɗaya. Ribarsa ɗaya ce tak, wato a sami wanda zai saya da tsada fiye da yadda aka saya. Kuma ba kullum ake samunsa ba. A watan Janairu na 1980 oza ta kai dala 850, jama'a suka yi ta rububi. Daga nan ta gangara har ta kusa dala 250 a 1999, ba ta sake ganin 850 ba sai a 2008. Wanda ya saya a ƙololuwar 1980 yana saurayi, sai da ya yi furfura kafin ya ga uwar kuɗinsa, ita ma dalar ta riga ta rage daraja. A 2011 farashin ya kai kusan dala 1,900, zuwa ƙarshen 2015 ya faɗo kusa da 1,050. Tashin da muka gani a 2025 gaskiya ne, amma waɗancan faɗuwar ma gaskiya ne, kuma babu wanda aka yi wa wahayin ranar juyawa.

Akwai kuma wani darasin da Gana ta koyar cikin ƴan watanni. Farashin sisin gwal a gida ƙafa biyu gare shi, farashin duniya da canjin dala. Tsakanin Afrilu da Yuni na 2025 sidi ya farfaɗo daga kusan 15 a kan dala ɗaya zuwa kusa da 10. Wanda ya sayi sulallan bankin a ƙarshen 2024 don gudun faɗuwar sidi, sai ya tarar a tsakiyar 2025 kuɗinsu da sidi ya ragu, alhali zinariya tana tashi a Landan. Garkuwa ce daga faɗuwar kuɗin ƙasa, don haka ranar da kuɗin ƙasa ya miƙe, sai nauyin garkuwar ya dawo kan mai riƙe da ita. Wanda zai buƙaci kuɗinsa nan da wata shida don biyan haya ko sarin kaya, bai kamata ya kai su can ba.

Wanda ya fahimci cewa zinariya ba ta haihuwa ya tsira daga babban tarko. Mutanen Gana ba su manta da kamfanin Menzgold ba, wanda ya riƙa karɓar ajiyar gwal yana alƙawarin ribar kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari kowane wata. A watan Satumba na 2018 hukumar da ke kula da harkar zuba jari ta umarce shi da ya dakatar da wannan harka, dukiyar dubban mutane ta maƙale, aka shiga shari'ar da ta ɗauki shekaru. Tambayar da ta kamata a yi tun farko mai sauƙi ce: ƙarfen da ke kwance a ma'ajiya, daga ina yake samo ribar wata-wata? Banza ba ta kai zomo kasuwa. A yau irin wannan tarko ya koma cikin waya, ana tallata zinariyar da ba a gani, ana nuna lambobi suna hawa a allo. Duk wanda ya ce mu ba shi kuɗi ya ajiye mana gwal a wata ƙasa yana biyan mu riba, mu tambaye shi abin da gwal ɗin ke nomawa.

Shari'ar da akasarinmu ke bi ta riga ta yi wa wannan al'amari shinge ta fuska biyu. Ta farko, cinikin zinariya da kuɗi sai hannu da hannu, a biya a karɓa a zama ɗaya, ba bashi ba jinkiri. Wannan ƙa'ida kaɗai ta isa ta rufe ƙofar sayen gwal na alƙawari. Ta biyu ita ce zakka. Nisabin zinariya miskali 20 ne, kimanin giram 85. Sulalla uku masu oza ɗaya sun haye shi, haka ma goma sha biyu na mai doki. Idan shekara ta zagayo, ana fitar da ɗaya cikin arba'in. A mazhabar Malikiyya kayan adon da mace ke sakawa ba su da zakka, amma sisin gwal da aka ajiye yana da ita, kuma wannan bambanci ne da ya kamata mai sauya sarƙa zuwa sulalla ta tambayi malamai a kansa tun kafin ta sauya. Wanda ya kulle dukiya mai yawa shekara goma ba ya juya ta, zakka za ta ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin biyar nata. Wannan ba asara ba ce, haƙƙin talaka ne, amma akwai hikima a ciki: addini ba ya son dukiya ta kwanta. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya umarci masu riƙon dukiyar marayu da su juya ta a kasuwa don kada zakka ta cinye ta. Idan dukiyar maraya, wadda ta fi kowace buƙatar kariya, an ce a juya ta, ina ga ta lafiyayyen ɗan kasuwa?

Mu tuna kuma da abin da ya kafa zangunanmu. Kakanninmu da suka bi hanyar Gwanja zuwa Salaga sun shiga ƙasar da garin zinariya ne kuɗinta, Asantawa suna auna shi da ƙananan ma'aunan tagulla. Duk da haka ba tara zinariya ne ya kai su ba. Sun kai kanwa da tufafin rini da fatun jima, sun dawo da goro, jaki bayan jaki, shekara bayan shekara. A kan wannan juyi aka gina masallatai da makarantun allo da gidajen saukar baƙi daga Kumasi har Yendi. Madugu ɗaya yana ciyar da masu jakai, da ƴan dako, da dillalai, da fatoma, da mai abincin bakin zango. Jarin da ke shago yana ɗaukar yaro aiki ya koya masa ciniki har ya yaye shi. Jarin da aka mayar sulalla aka kulle ba ya ɗaukar kowa. Idan manyan ƴan kasuwarmu suka janye dukiyarsu daga kasuwa suka zuba a akwati, kowannensu zai ji ya tsira, amma matasan unguwa za su ƙaru a bakin titi, kuma mai akwatin a cikinsu yake kwana.

Za a ce mana kasuwa ma tana cinye jari: gobara, da rufe iyaka, da haraji, da bashin da ba a biya. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba mu ce a guji gwal ba. Manomin kirki yana da gona yana da rumbu, kuma ya san aikin kowanne. Abin da ya rage bayan an ware jarin sana'a, da kuɗin buƙatun shekara, da ɗan abin ko-ta-kwana, shi ne ya cancanci a mayar da wani kasonsa zinariya, da niyyar a manta da shi shekaru. Ba a cin bashi a saya, ba a sayar da gona ko gida a saya, ba a kuma saye don an ga maƙwabci ya saya.

Ga masu sha'awar tara tsofaffin sulalla don tarihinsu, wannan fanni ne dabam da tanadi, kuma yana buƙatar ilimi. Shekarar da aka rubuta a jikin sulai ba ita ce shaidar tsufansa ba. Dalar azurfa ta sarauniya Mariya Tariza, wadda ta yi yawo a Borno da ƙasar Hausa da Wadai da Sudan, duk wadda aka buga bayan rasuwar sarauniyar tana ɗauke da 1780, ko da a ƙarni na 20 aka buga ta. Haka shi ma mai doki, maƙeran zinariya a ƙasashen Larabawa suna yin kwaikwayonsa, wani lokaci da karat 21, kuma da yawa daga wanda ke shigowa a jakar alhazai irin wannan ne. Gwal ne na gaske, amma a biya shi da nauyinsa da karat ɗinsa, kada a biya kuɗin suna. Akwai kuma jabu tsantsa, domin ƙarfen tangistan nauyinsa kusan ɗaya ne da na zinariya, ana lulluɓe shi da ita ya ruɗi sikeli. Saboda haka a saya a wurin da zai ba da takarda, wanda kuma ya yarda zai sake saye, a tambayi farashin mayarwa tun kafin a biya, domin tazarar da ke tsakanin farashin biyu ita ce asarar farko.

Bai kamata kuma mu rufe ido daga inda ƙarfen ke fitowa ba. Haƙar da ake kira galamsi ta mayar da kogunan Pra da Ankobra da Ofin ruwan laka mai guba. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, samarinmu ke tururuwa cikin hamada, wasu ramuka suka rufta da su. A Zamfara, gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara ɗaruruwa a 2010. Kowane tashin farashi yana tura ƙarin matasa cikin rami. Babban Bankin Gana ya ce da zinariyar da aka haƙo ta hanyar da ta dace yake buga sulallansa. Haƙƙin mai saye ne ya riƙe shi a kan wannan magana, ya kuma fifita abin da aka san asalinsa a kan na bayan fage.

Ƙorafinmu a kan shirin na Gana shi ne girman ƙofarsa. Mafi ƙanƙantar sulallan rubu'in oza ne, kusan giram 8, wanda a farashin dala 4,000 ya kai dala dubu. Mai koko da ƙosai a Nima, da mai ɗinki, da ɗan acaɓa, waɗanda hauhawar farashi ta fi yi wa illa, ba su isa wannan ƙofa ba. Zimbabuwe ta sauko har kashi ɗaya cikin goma na oza watanni kaɗan bayan fitowar nata, Krugerrand ma yana da wannan girman tun 1980. Muna kira da a buga na giram ɗaya da na giram biyu, a kuma kai su inda mata ke iya isa ba tare da doguwar takarda ba. Ƙasashen da ke haƙo zinariya, irin su Nijar da Cadi da Sudan, su ma ya dace ɗan ƙasa ya iya sayen tatacciyar zinariyar ƙasarsa da hatimin hukuma, maimakon ta fita Dubai ɗanya ta dawo masa sarƙa da kuɗin ƙira a kanta.

Abu na ƙarshe da ya shafi gidajenmu kai tsaye shi ne sirri. Ƙanƙantar sisin gwal ita ce amfaninsa, ita ce kuma haɗarinsa. Ɓarawo yana sa shi a aljihu, mai shi kuma yana iya rasuwa ba wanda ya san inda ya binne. Gona ba ta ɓuya ranar rabon gado, amma sulalla suna ɓuya, kuma zargin da ke biyo baya yana raba ƴan ɗaki ɗaya har jikoki. Wanda ya ajiye, ya rubuta adadi da wurin ajiya, ya sanar da amintattu biyu, ya bambance na matarsa da nasa, ya fitar da zakka a kan lokaci. Sauran dukiyar kuma ya bar ta a kasuwa da gona da karatun yara, inda take aiki tana ciyar da mutane.

Allah ya ba mu na halal, ya sa masa albarka, ya kuma tsare mu daga kwaɗayin da ke mayar da mai rumbu mabaraci.